Darasinmu Na Wannan Fitowa: Ire-Iren Makarantun Gwamnati A Birnin Niyok

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

  Darasinmu na yau zai ƙetara teku da mu zuwa birnin Niyok na ƙasar Amurka, inda Allah Ya ajiye 'yan uwanmu Hausawa da dama daga zangunan Gana da Nijar da Nijeriya, musamman a Bronx da Harlem. Wata aure ne ya kai ta, wata aikin maigida ko karatunsa. Wadda take can, darasin nata ne kai tsaye. Wadda take gida kuma, ƙila tana da ɗiya ko ƙanwa a can, sai ta isar mata da saƙon.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu, wani abu ne da ya faru a Islamiyyar da nake koyarwa Asabar da Lahadi a Bronx. Wata rana cikin watan Maris, bayan an tashi, sai wata baiwar Allah ta tsaya ta miƙo min wayarta, ta ce, "Malama, don Allah duba min wannan saƙo, a kan yarinyar nan ne." 'Yarta tana aji 8, kuma duk ajinmu ba wanda ya kai ta kaifin ƙwaƙwalwa. Na duba, sai na ga an ba ta gurbi a wata sakandare da ko sunanta ba su taɓa ji ba. Na ce, "Hajiya, waɗanne makarantu kuka zaɓa a watan Disamba?" Ta yi shiru, can ta ce, "Au, zaɓa ake yi? Ai ni na ɗauka duk ta gwamnati ce, in ta gama wannan sai su tura ta ta gaba." Takardun da aka yi ta aiko mata tun watan Oktoba suna nan cikin leda, ba wanda ya karanta mata.

Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Ba sakaci ne da Hajiya ba, mace ce mai tsaye a kan 'ya'yanta. Rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. A birnin nan makarantar gwamnati iri-iri ce, kowacce da ƙofarta, da makullinta, da lokacin da ake rufe ta. Uwar da ta san wannan ita ke zaɓa wa ɗanta. Wadda ba ta sani ba, sai a ba ta abin da ya rage.

Tsarin birnin a taƙaice

Niyok ce ke da hukumar makarantun gwamnati mafi girma a duk Amurka. Makarantun da hukumar ke gudanarwa da kanta sun kai wajen 1,600, ɗalibansu kuma kimanin 900,000. Tun shekarar 2002 hukumar tana ƙarƙashin magajin gari ne, shi ke naɗa shugabanta. Birnin ya kasu manyan yankuna biyar: Bronx, Manhattan, Brooklyn, Queens da Staten Island. Ta fuskar makarantu kuma an yanka shi gundumomi 32, kowacce da lambarta. Na Bronx su ne daga ta 7 zuwa ta 12. Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne lambar gundumar da gidanku yake ciki, don kusan duk inda kika je sai an tambaye ki.

Matakan karatu kuwa ga su kamar haka. Akwai 3-K na 'yan shekara uku, wanda aka soma a 2017, da Pre-K na 'yan shekara huɗu, wanda aka faɗaɗa tun daga 2014. Sai kindagatin, wato ajin share fage, wanda yaro ke shiga a watan Satumba na shekarar da zai cika biyar, ko da a watan Disamba zai cika. Firamare takan tsaya a aji 5. Makarantar tsakiya, aji 6 zuwa 8. Babbar sakandare, aji 9 zuwa 12. In za ki kwatanta da tsarin Nijeriya, ajinsu na 9 shi ne ajinmu na uku na ƙaramar sakandare, ajinsu na 12 kuma shi ne aji shida namu.

Duk waɗannan kyauta ne, ba kuɗin makaranta. Abincin safe da na rana ma kyauta ne ga kowane ɗalibi tun 2017. Kuma tun 1982 kotun ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa ba za a hana yaro makarantar gwamnati saboda rashin takardar zama a ƙasa ba. Abin da za a nema a wurinki shi ne shaidar shekarun yaro, da katin rigakafinsa, da takardun da ke nuna adireshinku, kamar takardar hayar gida da ta kuɗin wuta.

Don sauƙin riƙewa, ki ɗauka makullan ƙofofin nan biyar ne: adireshi, ƙuri'a, makin aji, jarrabawa, sai kuma buƙata ta musamman. Kowace makaranta da za mu ambata, ki tambayi kanki, wannan da wane makulli ake buɗe ta?

1. Makarantar unguwa

Wannan ita ce wadda aka fi sani, makullinta kuma adireshi ne. An shata wa mafi yawan firamarori wasu layuka da ke kewaye da su, ana kiran wannan yanki zon. Yaron da gidansu ke cikin zon shi ake fara ba wa gurbi, wanda yake da wa ko ya a makarantar kuma ya fi kowa fifiko. Amma akwai gundumomi uku da firamarorinsu ba su da zon: ta 1 a Manhattan, ta 7 a kudancin Bronx, da ta 23 a Brooklyn. A nan iyaye ne ke jera makarantun da suke so. 'Yan uwanmu mazauna kudancin Bronx sai su lura da wannan.

Alfanun makarantar unguwa shi ne kusanci. Ki kai yaro da ƙafa, ki ɗauko shi da ƙafa, in an kira ki kuma ga ki nan da nan. Sai dai ba duka suka zama ɗaya ba. Wata tana layi ɗaya da wata, amma karatunsu ya sha bamban. Don haka ki je ki gani da idonki ranar da suke buɗe ƙofa ga iyaye. In kuma za ku sake gida, ki ce da maigida a bincika zon ɗin sabon gidan kafin a sa hannu a takardar haya. Wani abu da nake jan kunnen 'yan uwa a kai shi ne aron adireshin dangi. Ƙarya ce, kuma hukuma tana da ikon bincike. In an gano, yaron ne ke kwana a ciki.

A cikin wasu firamarorin akwai azuzuwan yara masu hazaƙa. Da can jarrabawa ake yi wa 'yan shekara huɗu, amma a 2021 aka daina, aka koma ga shaidar malamai da ƙuri'a. Wannan shiri yakan sauya da sauyin shugabanni, saboda haka ki tambayi halin da ake ciki a shekarar da ɗanki zai shiga.

2. Makarantun zaɓi

Da zarar yaro ya doshi babbar sakandare, maganar unguwa ta kusa ƙarewa. Akwai manyan sakandarori fiye da 400, da shirye-shiryen karatu fiye da 700 a cikinsu, kuma ɗan Bronx yana iya neman ta Brooklyn. Ana cika takardar nema ne a dandalin hukumar mai suna MySchools, yaro yana aji 8. Za ku jera makarantun da kuke so daga ta farko zuwa ƙasa, sai kwamfuta ta ba kowane yaro gurbi guda ɗaya tak. Da yawa daga cikin makarantun ba sa duba maki, ƙuri'a ce kawai, don kowane ɗalibi ana ba shi lambar ƙuri'a.

A nan akwai wani kuskure da iyaye ke yawan yi. Sai ki ji uwa ta ce, "Ba zan sa waccan a farko ba, ta fi ƙarfinmu, kada mu yi biyu babu." To, ba haka tsarin yake aiki ba. Wasu masana tattalin arziki ne suka tsara shi a 2003, cikinsu har da Alvin Roth wanda ya samu lambar yabo ta Nobel a 2012. Yadda suka gina shi, kwamfuta za ta gwada wa yaro zaɓinsa na farko. In bai samu ba, ta gangara na biyu, kuma damarsa a na biyun ba ta ragu ko kaɗan ba don ya sa wata a sama. Kafin wannan tsari, yara wajen 30,000 ne a shekara ke tashi ba su samu ko ɗaya cikin zaɓinsu ba. Da aka kawo shi sai adadin ya sauko wajen 3,000. Ke nan dabarar ita ce ki jera su yadda zuciyarki take so da gaske, jerin ya yi tsawo, kuma ki cakuɗa masu wuyar samu da masu sauƙi. Kada kuma ki sa makarantar da ba za ki yarda ɗanki ya je ba, don ana iya ba ku ita.

Ki duba nisa ma. Tun 2024 ana ba ɗaliban da suka cancanta katin OMNY na hawa bas da jirgin ƙasa kyauta sau huɗu a rana. Amma yarinyar da za ta yi awa ɗaya da rabi a hanya, lokacin sanyi da rana ke faɗuwa tun kafin biyar na yamma, cikin duhu za ta dawo miki.

3. Makarantu masu tantancewa

Waɗannan makullinsu makin aji ne. Misalinsu Townsend Harris a Queens da Beacon a Manhattan. Suna duba makin da yaro ya samu a aji 7 a darussa huɗu: Turanci, lissafi, kimiyya da ilimin zamantakewa. Ana kasa ɗalibai rukuni-rukuni gwargwadon makinsu, a fara ɗiba daga rukunin sama. Wasu kuma sukan ƙara da rubutun insha'i.

Ki lura da kyau, 'yar uwa: aji 7 aka ce, ba aji 8 ba. Lokacin da mafi yawanmu muke farga, makin ya riga ya shiga littafi. Shi ya sa nake roƙon iyaye, in za a kai yaro gida ganin dangi ko biki, a bari sai dogon hutun Yuli da Agusta. Ɗauke yaro wata biyu a tsakiyar aji 7 yana iya rufe masa ƙofofin da ba za su sake buɗuwa ba.

4. Makarantu tara na musamman

Waɗannan su ne ƙololuwa, kamar yadda ake ji da makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu a Kano. Takwas daga cikinsu da jarrabawa ɗaya ake shigarsu, sunanta SHSAT, ta Turanci da lissafi, awa uku. Ba a duba makin aji, ba a duba unguwa, ba a duba ɗan wane. Sakamakon jarrabawar kaɗai ke magana, kuma haka dokar jiha ta 1971 ta tanada ga tsofaffi uku daga cikinsu, wato Stuyvesant da Brooklyn Tech da Bronx Science. Ta tara, LaGuardia, ta zane da kiɗa da wasan kwaikwayo ce, ita gwaji ake yi a gaban alƙalai.

Biyu daga cikinsu suna Bronx: Bronx Science da kuma American Studies da ke harabar kwalejin Lehman. Bronx Science, wadda aka buɗe a 1938, ta yaye mutum tara da suka ci lambar Nobel, ta baya-bayan nan mace ce, Claudia Goldin, a 2023. Zohran Mamdani, Musulmi na farko da aka zaɓa magajin garin Niyok a watan Nuwamba 2025, wanda aka haifa a Kampala ta Yuganda, shi ma a nan ya yi sakandare.

A 'yan shekarun nan yara fiye da 25,000 ke zama jarrabawar kowace shekara, wajen 4,000 ke samun gurbi. Abin baƙin ciki shi ne ƙarancin baƙar fata a ciki. A 2019, cikin ɗalibai 895 da aka ba gurbi a Stuyvesant, bakwai ne kacal baƙar fata, alhali a lokacin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗaliban birnin baƙaƙe ne. An daɗe ana muhawara a kan dalilin haka, wasu na ganin laifin jarrabawar, wasu na ganin laifin makarantun da yaran suka fito. Amma abin da na gani da idona a cikin al'ummarmu shi ne, da yawa ba mu ma san da jarrabawar ba, yayin da wasu al'ummomin ke soma shirya 'ya'yansu tun suna aji 6. Jarrabawar kyauta ce. Rajistarta daban take da ta sauran sakandarori, don haka yaro yana iya samun gurbi biyu ya zaɓa. Akwai shirin horaswa na kyauta mai suna DREAM ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da wani mai suna Discovery ga waɗanda saura ƙiris su ci. Ki tambayi malamin ba da shawara na makarantar ɗanki tun yana aji 6.

5. Makarantun cata

Waɗannan da kuɗin gwamnati suke aiki, kyauta ne, amma ƙungiyoyi masu zaman kansu ke gudanar da su bisa yarjejeniya ta wasu shekaru. In ba su yi abin kirki ba ana iya ƙin sabunta musu. Jihar ta yi dokarsu a 1998, aka soma buɗe su a 1999. Yanzu sun kai wajen 280 a birnin, da ɗalibai kimanin 150,000, kuma sun fi yawa a Harlem da kudancin Bronx da tsakiyar Brooklyn, wato dai inda mutanenmu suke. Mafi girman ƙungiyoyin ita ce Success Academy, wadda ta soma a Harlem a 2006.

Makullinsu ƙuri'a ce, tare da fifita ƙannen ɗalibansu da mazauna gundumar. Takardar nemansu daban take da ta MySchools, kina iya neman da yawa a lokaci guda, kuma bisa al'ada ranar 1 ga Afrilu ake rufewa. Yawancinsu suna da inifom, da tsauraran dokoki, da jinga mai yawa, kuma sukan tashi a makare. Iyayenmu da yawa suna son su saboda ladabtarwa, wasu kuma suna kukan tsananin ya yi yawa ga ƙananan yara. Tambayoyi biyu nake so ki yi musu kafin ki karɓa. Ƙarfe nawa ake tashi, don ki san ko yaro zai samu Islamiyyar yamma? Kuma shin suna ba da hutun Sallah? Domin su da kansu suke tsara kalandarsu.

6. Makarantun 'yan mata zalla da na maza zalla

Wannan nau'i na san zai faranta wa da yawa daga cikinmu rai. Mafi yawan makarantun birnin a cakuɗe suke, amma akwai 'yan kaɗan na jinsi ɗaya. Young Women's Leadership ta 'yan mata ce, daga aji 6 zuwa 12. An buɗe ta farko a gabashin Harlem a 1996, kuma akwai 'yan uwanta a Bronx da Brooklyn da Queens. Ta maza kuma akwai Eagle Academy, wadda ta soma a Bronx a 2004. Tun da daga aji 6 suke ɗauka, lokacin da ya fi dacewa a nema shi ne yarinya tana aji 5, don a aji 9 guraben da suka rage ba su da yawa. Ki kuma sani ɗalibai ne jinsi ɗaya, malamai kam akwai maza akwai mata.

7. Makarantun sababbin zuwa

Yaron da aka kawo daga Yamai ko Maraɗi yana da shekara goma sha biyar, Faransanci da Hausa kawai yake ji, ina za a kai shi? Akwai sakandarorin da aka kafa musamman don irinsa, waɗanda ba su wuce shekara huɗu a ƙasar ba kuma suke koyon Turanci. Ta farko an buɗe ta a Queens a 1985, kuma akwai da dama a Bronx, kamar Bronx International. A nan ana koyar da Turanci ne a cikin kowane darasi, kuma ba mai yi wa wani dariyar harshe, tun da kowa baƙo ne.

A sauran makarantu ma, ranar rajista za a ba ki takarda a tambaye ki harshen da ake yi a gida. Ki faɗi gaskiya. In Hausa ce ki ce Hausa. Za a gwada Turancin yaro, in yana buƙatar taimako a ba shi. Ke ma haƙƙinki ne a nemo miki tafinta kyauta. Kada ki mai da ɗanki tafinta a maganar da ta shafe shi, kin san dai wanda ya yi laifi ba zai fassara miki daidai ba.

8. Makarantun sana'a da na haɗe da kwaleji

Akwai sakandarorin da yaro ke fita da takardar sakandare da kuma sana'a a hannu. Aviation da ke Queens tana horar da masu gyaran jirgin sama. Clara Barton da ke Brooklyn ta aikin lafiya ce. Fashion Industries da ke Manhattan ta ɗinki da tsara tufafi ce. Akwai kuma waɗanda ke haɗa sakandare da karatun kwaleji kyauta. P-TECH, wadda aka buɗe a Brooklyn a 2011 da haɗin gwiwar kamfanin IBM da jami'ar birnin, shekara shida ake yi a fito da ƙaramin digiri. Bard Early College kuma a shekara huɗu take ba da shi, ta kuma buɗe reshe a Bronx a 2023. Ga gidan da ke da 'ya'ya biyar ko shida, shekara biyu na kwaleji kyauta ba ƙaramin sauƙi ba ne.

9. Gunduma ta 75 da ta 79

Waɗannan biyun ba na wata unguwa ba ne, na birnin ne gaba ɗaya, makullinsu kuma buƙata ce. Ta 75 ta yara ce masu lalura mai nauyi, kamar galahanga ko matsalar ji da gani, kuma tana da ɗalibai fiye da 20,000. Amma ki sani mafi yawan yara masu buƙata ta musamman a makarantunsu na yau da kullum suke zama, ana ba su taimako bisa wata takardar shiri da ake kira IEP. Kimanin ɗalibi ɗaya cikin biyar a birnin yana da ita.

A nan zan yi mana magana ta tsakani da Allah. Mu mutane ne masu ɓoye irin wannan. Malama ta ce yaro ba ya magana yadda ya kamata, a bari a auna shi, sai uwa ta ƙi sa hannu don gudun bakin mutane, wai ai babansa ma bai yi magana da wuri ba. Ba za a auna shi ba sai da izininki, kuma kina da kujera a zaman da za a tsara masa shirin. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Taimakon da zai yi wa ɗan shekara uku aiki cikin wata shida, ɗan shekara tara sai ya yi shekaru yana nema.

Ta 79 kuwa ta waɗanda karatu ya yanke musu ce. Doka ta ba mutum damar zama a makarantar gwamnati har shekara 21. Amaryar da aka kawo tana da shekara goma sha tara ba ta gama sakandare ba, ƙofa a buɗe take gare ta, har akwai shirin LYFE mai rainon jarirai kyauta yayin da uwa ke aji. Wadda ta wuce 21 kuma akwai azuzuwan manya na koyon Turanci da neman takardar sakandare, su ma kyauta. Wato dai har ke kanki akwai taki makarantar.

Abin da ya shafi addininmu

Duk makarantun nan ba a koyar da ibadar kowane addini a cikinsu, kuma malami ba ya jagorantar addu'a. Kotun ƙoli ce ta hana a 1962, a wata shari'a da ta taso daga jihar Niyok ɗin. Makarantun Musulunci na cikakken yini masu zaman kansu ne, biya ake yi. Don haka karatun addini yana wuyanmu, a gida da Islamiyya.

Amma akwai haƙƙoƙin da muke da su. Tun 2015 ake rufe makarantun hukumar ranar ƙaramar Sallah da babba in sun faɗo ranar karatu, bayan shekaru da Musulmin birnin suka yi suna fafutuka. In ganin wata ya saɓa da ranar da aka sa a kalanda, ki rubuta takarda, za a karɓi uzurin yaro. Ɗiyarki tana da ikon sa hijabinta, kuma dokar jiha da ta soma aiki a 2012 ta hana tsangwamar ɗalibi saboda addininsa. Wasu makarantu suna da kicin da aka tantance na halal, inda babu kuma iyaye suna iya haɗuwa su nema ta hannun shugaban makaranta. Maganar sallar Azahar lokacin sanyi ma, takarda za ki rubuta masa ki nemi a sahale wa yaro 'yan mintoci.

Kalandar uwargida

Ranakun sukan ɗan motsa kowace shekara, amma ga yadda aka saba:

Oktoba: rajistar jarrabawar SHSAT, da buɗe neman makarantar tsakiya da babbar sakandare.
Disamba: rufe neman makarantar tsakiya da babbar sakandare.
Janairu: rufe neman kindagatin.
Janairu zuwa Fabrairu: neman 3-K da Pre-K.
Maris: fitowar sakamakon babbar sakandare, da buɗe jerin jira.
1 ga Afrilu: rufe neman makarantun cata.

Wadda ta iso birnin a tsakiyar shekara, sai ta nemi cibiyar karɓar iyalai ta hukumar, akwai su a kowane yanki, ko ta buga 311 a yi mata kwatance. A makarantar ɗanki kuma akwai jami'in hulɗa da iyaye, aikinsa ke nan ya saurare ki. Ki san sunansa, ki karɓi lambarsa.

'Yar Hajiya da na ba ku labari, mun sa sunanta a jerin jira na makarantu da dama, Allah Ya taimaka ta samu wadda ta fi dacewa da ita kafin Satumba. Jarrabawar SHSAT ta aji 8 kam ta wuce ta, sai ta aji 9, wadda gurabenta 'yan kaɗan ne. Yanzu Hajiya ce ke bin mata a wurin suna da walima tana tambaya, "Ɗanki aji nawa yake? Kun cika takarda?"

Tambayoyin bita

1. Mece ce lambar gundumarku, kuma wace ce makarantar zon ɗinku?
2. Makin wane aji makarantu masu tantancewa suke dubawa?
3. Me ya sa bai kamata a ji tsoron sa makaranta mai wuyar samu a zaɓin farko ba?
4. Kawo bambanci biyu tsakanin makarantar cata da makarantar unguwa.
5. Cikin maƙwabtanki, wace ce ke da yaro a aji 5 ko aji 7 ko aji 8 da za ki karanta wa wannan darasi kafin Oktoba?

A nan za mu dakata. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.